Allo da alli: taron bitar da ya riga filin wasa tsallake wariya a Amurka

Daga ƙarshen shekarun 1950, akwai wani taro da ake yi kowace shekara a birnin Tallahassee, hedikwatar jihar Florida, wanda ya saɓa wa duk abin da Kudancin Amurka ya saba gani. A harabar Florida A&M, jami'ar da aka keɓe wa baƙaƙen fata, manyan masu horar da 'yan ƙwallo fararen fata sukan tsaya gaban allo suna zana dabarunsu, masu horarwa baƙaƙen fata na zaune suna rubutawa suna jefo tambayoyi. Cikin waɗanda suka amsa gayyatar akwai Bear Bryant na Alabama da Darrell Royal na Texas da Frank Broyles na Arkansas. A lokacin, ko ɗaya daga cikin waɗannan ukun ba shi da baƙar fata a cikin 'yan wasansa. Mai gayyatar shi ne Jake Gaither, kocin Florida A&M. Kafin a gane nauyin abin da ya yi, sai an san mene ne wannan taro, da dalilin da ya sa halartarsa ta zama ƙofar shiga sana'ar.

Ƙwallon ƙafa irin na Amurka ya sha bamban da wanda duniya ta sani. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 11, kuma akasari da hannu ake ɗaukar ƙwallon ko a jefa shi. Ana ba masu kai hari dama huɗu su ci gaba da yadi 10, in sun kasa ƙwallon ya koma hannun abokan karawa. Bayan kowane yunƙuri wasa yakan tsaya, a sake jeri. Wannan tsayawa ita ce ta mayar da wasan tamkar dara, domin kowane motsi an riga an zana shi a takarda, an ba shi suna, an maimaita shi a wurin atisaye. Koci mai sabon zane yana iya doke wanda ya fi shi ƙarfafan 'yan wasa. Saboda haka ilimin zanen ya zama dukiya, kuma aka sami wurin da ake rarraba ta: taron bita na kwana biyu ko uku, ko na 'yan makonni a lokacin hutu, wanda Amurkawa ke kira kilinik, da kalmar da suke kiran ƙaramin asibiti.

Al'adar ta daɗe. Tun 1914 Jami'ar Illinois ta buɗe makarantar hutu ta masu horarwa. A watan Disamba na 1921 aka kafa ƙungiyar masu horar da ƙwallon Amurka, AFCA, a birnin New York, taronta na shekara-shekara kuma ya zama babbar mahaɗar sana'ar. Wanda ya fi kowa yayata bitar a shekarun 1920 shi ne Knute Rockne, haifaffen Norway da ya horar da Notre Dame daga 1918 zuwa 1930, ya ci wasa 105, aka doke shi sau 12 kacal. Duk hutu yakan zagaya jami'o'i yana koyar da ɗaruruwan malaman sakandare tsarinsa, su kuma suna biyan kuɗin shiga. Ribarsa ba ta tsaya ga kuɗi ba. Malamin da ya koyi tsarin Rockne yakan koyar da shi ga ɗalibansa, in ya ga yaro mai hazaƙa kuma ya san wanda zai rubuta wa wasiƙa. Haka jami'o'in da ke neman koci sukan tuntuɓi Rockne ya ba da sunan wani. Tun daga farko ke nan, wanda ya shiga ɗakin bita abu uku yake nema: ilimi, sanayya da hanyar samun aiki.

Wannan buɗaɗɗen hannu yana da tsada. Don Faurot na Missouri ya ƙirƙiro wani jeri a 1941 wanda ke buɗe tazara tsakanin 'yan sahun gaba, ya kuma bar wa jagoran hari zaɓin riƙe ƙwallo ko miƙa shi bayan ya karanta motsin mai tsaron da ke gabansa. A 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya koyar da tsarin ga mataimakansa biyu a makarantar sojan ruwa da ke Iowa, wato Jim Tatum da Bud Wilkinson. Wilkinson ya tafi da shi Oklahoma, inda ya ci wasa 47 a jere tsakanin 1953 da 1957, abin da har yau babu babbar jami'ar da ta kamo. Faurot kuwa ya yi ritaya a 1956 ba tare da ya taɓa doke wannan almajiri nasa ba. Irin haka ta faru da Royal. A 1968 mataimakinsa Emory Bellard ya tsara jerin da aka laƙaba wa suna wishbon, saboda kamarsa da ƙashin ƙirjin kaza mai reshe biyu. Royal ya yarda a koya wa Oklahoma, babbar abokiyar hamayyar Texas, a 1970. Daga 1971 zuwa 1975 Oklahoma ta doke Texas sau biyar a jere da makamin da Texas ta ba ta. Duk da haka al'adar ba ta mutu ba, domin kowane koci ya san cewa abin da ya sani wani ne ya taɓa zana masa shi a allo.

Sai dai ba kowa aka buɗe wa ƙofar ba. A jihohin Kudu, dokokin wariya sun raba makarantu da otal-otal da wuraren cin abinci, tarurrukan bita kuma a irin waɗannan wurare ake yin su. Kocin baƙar fata a Florida ko Alabama yana iya zama kusa da jami'ar da ake koyar da sabuwar dabara, amma ba shi da ikon shiga. Mai hali sai ya nufi Arewa. Gaither, wanda aka haifa a 1903 a Tennessee, ɗan limamin coci da ya so zama lauya, a Jami'ar Jihar Ohio ya yi digirinsa na biyu. Ya zo Florida A&M a matsayin mataimaki a 1937, ya zama babban koci a 1945. Kafin ya ajiye aiki a 1969 ya ci wasa sama da 200, aka doke shi sau 36, aka yi kunnen doki sau 4. Shi ma yana da nasa tsarin na buɗe tazara a sahun gaba, wanda ya wallafa littafi a kansa a 1963. Ɗaya daga cikin 'yan wasansa, Bob Hayes, ya ci lambar zinariya a tseren mita 100 a gasar Olamfik ta Tokyo a 1964.

Dabarar Gaither ita ce ya juya gayyatar. Tun da an hana shi da takwarorinsa shiga ɗakin wasu, sai ya buɗe nasa ya kira su. Amfanin farko a bayyane yake: malamin sakandare baƙar fata, wanda makarantarsa ba ta da kuɗin tura shi Arewa, ya sami ilimin kai tsaye daga bakin masu shi. Amfani na biyu ya fi zurfi. Koci farar fata da ya zo ya kwana biyu yana amsa tambayoyi, ya ga atisaye, ya saurari Gaither yana bayanin nasa tsarin, ya koma gida da sanin cewa akwai gwanaye a ɗaya ɓangaren. Gani ya kori ji. A Arewa ma an ga makamancin haka. Duffy Daugherty na Jami'ar Jihar Michigan, wanda shi da Wilkinson suka kafa jerin tarurrukan bita da ke zagaya ƙasar, ya ƙulla zumunci da malaman sakandare baƙaƙen fata na Kudu, su kuma suka riƙa tura masa yaran da jami'o'in jihohinsu suka ƙi. Tawagarsa ta 1966 tana da baƙaƙen fata 20, har da Bubba Smith, ɗan wani kocin sakandare daga Beaumont a Texas.

Gaither bai tsira daga suka ba. A shekarun gwagwarmayar neman 'yanci, wasu ɗalibai da ke zanga-zanga sun ɗauke shi mai sassauci, saboda kusancinsa da gwamnoni da manyan fararen fata na jihar. Shi kuwa yana tara wannan sanayya domin wata buƙata. Da ita ya nemi izinin hukumomin Florida na karawa da jami'ar fararen fata, kuma a ranar 29 ga Nuwamba 1969 Florida A&M ta haɗu da Jami'ar Tampa a gaban 'yan kallo sama da 40,000, ta ci 34 da 28. Wannan shi ne wasan da ake lissafawa a matsayin na farko a Kudu tsakanin jami'ar baƙaƙe da ta farare. Mako guda bayan haka, Texas ta Royal ta doke Arkansas ta Broyles 15 da 14, Shugaba Nixon na zaune yana kallo. Wannan tawaga ta Texas ita ce ta ƙarshe da ta zama zakarar ƙasa ba tare da baƙar fata ko ɗaya ba.

Daga nan abubuwa suka sauya da sauri. A 1970 Jami'ar Kudancin California, da 'yan wasanta gauraye, ta doke Alabama 42 da 21 a Birmingham. A 1971 John Mitchell ya zama baƙar fata na farko da ya buga wa Alabama wasa, a shekarar da Bryant ya karɓo wishbon daga wurin Royal ya rama wa California da ci 17 da 10. To amma nasarar ta zo wa jami'o'in baƙaƙe da asara. Yaran da a da ba su da zaɓi sai Florida A&M ko Grambling, yanzu manyan jami'o'i masu kuɗi da talabijin ke zawarcinsu, kuma sanayyar da aka ƙulla a ɗakunan bita na cikin hanyoyin da aka bi aka kai gare su.

Abin da bai tsallaka da sauri ba shi ne kujerar kocin kanta. Eddie Robinson na Grambling, wanda ya ci wasa 408 tsakanin 1941 da 1997, ya shugabanci AFCA a 1976, amma a Grambling ya fara aikinsa, a can ya ƙare. Sai a 1979 Willie Jeffries ya zama baƙar fata na farko da ya jagoranci babbar tawagar jami'ar fararen fata, a Wichita State. A rukunin SEC, inda Alabama take, an jira har kakar 2004 kafin Mississippi State ta damƙa tawagarta ga Sylvester Croom, wanda ya buga wishbon a ƙarƙashin Bryant. Gaither ya rasu a 1994, shekara goma kafin wannan rana. Bitar da ya buɗe ta raba ilimi, ta kuma haɗa mutanen da doka ta raba. Abu na uku da Rockne ya riƙa bai wa almajiransa, wato kiran suna idan gurbi ya buɗe, ya daɗe yana tsayawa a bakin ƙofa.