Sojan Sigina da Darasin da Ya Bar wa Ƙasar Kano

In ana ba da tarihin soja a ƙasar Hausa, mai bindiga ake tunawa, a manta da wanda ke tsugune bayansa da akwatin waya, alhali in wannan ya yi shiru runduna duka ta kurmance. Shi ne sojan sigina, mai aika saƙo da karɓarsa. Wanda ya bi diddigin sana'ar nan a ƙasar Kano, tun daga gundumomi irin Wudil har cikin birni, zai tarar cewa ƙarancin makaranta ne ya daɗe yana danne 'ya'yan ƙasar a ƙananan muƙaman soja, domin jarumta kam ba wanda ya taɓa yi musu gorinta. Da ƙofar aji ta buɗe, cikin shekara ashirin kacal suka tashi daga ɗaukar akwatin waya a ka zuwa shugabancin sashen sadarwa na sojan ƙasa baki ɗaya.

Isar da saƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tambari da kakaki suna sanar da fitowar sarki, ganga tana tara mayaƙa, jakada kuma shi ke kai maganar hakimi ga talakawansa. Wudil, wadda ta daɗe a hannun Makaman Kano na gidan Joɓawa, ta san wannan tsari tun zamanin da hakimai ke zaune a birni, jakadunsu na zirga-zirga tsakaninsu da ƙauyuka. Da Turawa suka ci Kano a 1903, Hausa ce harshen bariki a rundunarsu ta Afirka ta Yamma, har sai da aka wajabta wa hafsoshin Ingila koyonta. Saƙon soja a lokacin da begila ake busa shi, ko a kaɗa tuta, ko a sa mai gudu ya kai. Duk wannan kunne da ido da ƙafa suke yi, don haka wanda bai taɓa shiga aji ba yana iya ƙwarewa har ya kai saje ko samanja.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya canza lissafin. Daga 1940 filin jirgin Kano ya zama zango ga jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi, su ratsa ta Maiduguri da Khartoum zuwa Masar. An matsa wa manoma kan gyaɗa, an kwashi mutane aikin tilas a ma'adinan kuza na Jos daga 1942, neman kurata kuma ya biyo hanyar da haraji ke bi: daga Sarki Abdullahi Bayero zuwa hakimai, zuwa dagatai da masu unguwa. Samarin da aka samu aka horar da su, wasu suka yi yaƙin Habasha a 1941, mafi yawa kuma aka tsallaka da su Indiya zuwa Bama cikin runduna ta 81 da ta 82. A kwarin Kaladan a 1944 babu hanyar mota ta kirki, sai jirgin sama ke jefo abinci da harsashi. Ke nan tuwon dubban mutane ya rataya ga saƙon da mai waya zai aika, yana faɗin inda suke da abin da suke bukata. In ya kuskure lamba ɗaya ta taswira, kayan su faɗa daji ko hannun Japanawa.

Aiki irin wannan yana son mai karanta Turanci, mai lissafi, mai iya buga saƙo da ɗigo da ja cikin sauri. Nan ne giɓin ya bayyana. Rundunar ta koma ga 'yan Kudu da suka fito daga makarantun mishan don samun akawuna da makanikai da masu waya, aka kuma fara tura Turanci ya maye gurbin Hausa a bariki. 'Yan Arewa suka fi yawa a sahun masu bindiga da masu dako, waɗanda suka hau duwatsun Arakan da kayan yaƙi a ka, har da akwatunan waya da baturansu. Da guminsu aka ci garin Myohaung a Janairun 1945, sunayen wuraren da suka yi fama kuma suna nan a kan barikoki, irin Myohaung da Arakan a Legas. Amma sun ɗauki na'urar da ba a koya musu magana da ita ba, suka dawo gida da lambobin yabo, kaɗan ne cikinsu suka dawo da sana'ar da za ta ci da su.

Yaran da suka taso suna ganin 'yan Bama, wato sojojin da suka dawo daga yaƙin, su ne suka cike giɓin, kuma babu misalin da ya kai Murtala Ramat Muhammad. An haife shi a Kano ranar 8 ga Nuwamba 1938. Yana goye aka fara yaƙin, bai cika shekara bakwai ba aka gama. Ya tashi a garin da jiragen yaƙi ke shawagi a samansa, ana karanta labarin fagen fama a Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939. Ya yi firamaren Gidan Makama da Midil ta Kano, ya wuce Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wato Barewa, sannan ya shiga soja a 1958, lokacin da shugabannin Arewa ke bin makarantu suna roƙon ɗalibai su shiga aikin hafsa. Ya yi horo a Teshie ta ƙasar Gana da Sandhurst ta Ingila, ya fito ƙaramin hafsa a 1961, ya koyi aikin sigina a Catterick. Ya yi aiki da rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a Kwango, ƙasar da barikin Bukavu na Kano ya samo suna daga wani garinta. Daga nan ya riƙe sigina ta birged ta ɗaya a Kaduna, a 1966 kuma ya zama sufeton sigina na sojan Nijeriya. Ko muƙaminsa na ƙarshe kafin ya zama shugaban ƙasa a 1975, kwamishinan sadarwa na tarayya ne.

Mai ja zai ce Murtala ɗan birni ne, ɗan gidan malamai da alƙalai, kuma ɗan'uwansa Inuwa Wada ya riƙe ma'aikatar tsaro, don haka labarinsa bai faɗi komai a kan ɗan masunci ko ɗan mai kiwo na bakin kogin Wudil ba. Gaskiya ne gata ya taimaka, haka ma tsarin kaso da aka kawo a 1961, wanda ya ware wa Arewa rabin guraben hafsoshi. Sai dai a duba abin da gatan ya saya masa: kujera a aji. Kawu yana iya buɗe wa yaro ƙofar bariki, amma ba ya zauna masa jarrabawar Catterick, kaso kuma ba ya amfanar yankin da ba shi da masu takardar sakandare da za su cike shi. Saboda haka wannan suka tana ƙarfafa hujjar ne. Bambancin Murtala da tsaransa na ƙauye shi ne shi ya sami makaranta kusa da gida, su ba su samu ba, kuma laifin wannan yana wuyan mulkin da ya yi wa karkara rowar makarantu.

Akwai suka ta biyu da ta fi nauyi. Hafsoshin da suka yi karatun nan su ne suka jefa ƙasa cikin juyin mulki. Murtala da kansa yana cikin jagororin juyin Yulin 1966, kuma sojojin runduna ta biyu da yake jagoranta ne suka kashe fararen hula masu yawa a Asaba a Oktoban 1967. Ba daidai ba ne a rufe wannan don ƙaunar da jama'a ke yi masa, ko don kisan da aka yi masa ranar 13 ga Fabrairu 1976. Amma abin da tarihin ya nuna shi ne ilimi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa shi da amana da bin doka. Ita kanta sana'ar sigina a kan amana aka gina ta: ka isar da saƙo yadda aka ba ka, ba ragi ba ƙari, kada ka fallasa shi, kada ka mai da shi makamin biyan bukatarka. Inda hafsoshin suka kauce, wannan ƙa'ida suka karya. Jahilci kuwa bai taɓa hana soja zalunci ba, sai dai ya sa shi aiwatar da zaluncin wani ba tare da ya gane ba.

Wudil ta yau tana da abin da mazan jiya suka rasa. Makarantar horar da hafsoshin 'yan sanda ta ƙasa tana garin, tana ba da digiri, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha da ta fara aiki a 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Dangote. Aikin tsaro ya wuce zamanin oba-oba kaɗai, ya koma kan kwamfuta da tauraron ɗan'adam da jirgi marar matuƙi, kuma duk wannan lissafi da kimiyya yake nema tun daga tushe. Kasancewar manyan makarantu a gari ba ya nufin 'ya'yan garin za su shiga, domin jarrabawar shiga ba ta tambayar nisan gidan yaro da ƙofar makaranta. Wanda zai ci ta, a firamaren ƙauyensu ake shirya shi. Don haka nauyin yana kan iyaye da dagatai da ƙaramar hukuma da gwamnatin jiha: a samar da malaman lissafi da kimiyya a makarantun karkara, a biya su a kan kari, a kuma bar yara maza da mata su kammala sakandare kafin a miƙa su ga kasuwa ko aure ko kaki.