Ɗaga hannu: yadda ake yin kansila a ƙasar Dutse

Mai karatu, ka san yadda abin ya ke a Kanywood: idan babban furodusa ya riƙe hannun yaro ya ce "wannan ne jarumi na", to magana ta ƙare, ko da akwai wanda ya fi shi iya wasa. To haka ya ke a siyasar ƙananan hukumomi. Ranar da ciyaman ya hau dandamali ya ɗaga hannun ɗan takarar kansila, jama'a sun riga sun san sakamakon zaɓe. Amma ba haka abin ya faro ba.

A zamanin En'e, Dutse gunduma ce a ƙarƙashin Sarkin Kano. Hakimi da dagaci da mai unguwa naɗa su ake yi, talaka ba shi da ta cewa. Sai a 1976 gwamnatin soja ta yi wa tsarin garambawul, ta mayar da ƙaramar hukuma mataki na uku na gwamnati, mai majalisar kansiloli.

A Jamhuriya ta Biyu, hannun da ya fi kowane nauyi a tsohuwar Jihar Kano shi ne na Malam Aminu Kano. Ba shi da kujera, ba shi da baitulmali, mutuncin sa kawai ya ke ara wa ɗan takara. Da shi Abubakar Rimi ya zama gwamna a PRP a 1979, a zaɓen da Sule Lamido na Bamaina ya tafi Majalisar Wakilai. Rimi ya soke haraji da jangali, a 1981 kuma ya ɗaga darajar Dutse ta zama masarauta. Da jam'iyyar ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, sai Rimi ya koma NPP. Malam ya rasu a Afrilun 1983, amma duk da haka ɗan takarar ɓangaren sa, Sabo Bakin Zuwo, ya kada Rimi. Shi ne fa wanda ya rufe sinimar Palace ya mayar da ita asibiti, kuma shi ya rushe sababbin masarautun, har da ta Dutse. Ka ga ke nan ɗaga hannu ba wasa ba ne.

A zaɓen ƙananan hukumomi na Disamba 1990, tsakanin SDP da NRC, an yi ƙato bayan ƙato. Kowa na ganin layin da ka bi, har da uban gidan ka. Amma ko ba komai, a gaban idon ka ake ƙirgawa. Bayan watanni, ran 27 ga Agusta, 1991, Janar Babangida ya ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birni.

Inda gizo ya yi saƙar shi ne tsarin mulkin 1999. Ya ɗora zaɓen ƙananan hukumomi a wuyan hukumar zaɓe ta jiha, wadda gwamna ke naɗa shugabannin ta. Ya kuma tanadi asusun haɗin gwiwa, inda kuɗin ƙaramar hukuma ke bi ta hannun jiha. Daga nan sai ɗaga hannu ya zama tsani: gwamna ya ɗaga na ciyaman, ciyaman ya ɗaga na kansila. A Dutse, Kiyawa, Jahun, Miga, Buji, Birnin Kudu da Gwaram, gumurzun gaske a zaman sasanci na jam'iyya ake yin sa, ba a akwati ba. Jihar ta ga mulkin ANPP, ta ga na PDP, ta ga na APC, amma salon bai sauya ba. A zaɓen Oktoba 2024 ma, APC mai mulki ce ta lashe kujerun ciyamomi 27 kaf.

Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗin su kai-tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi. Sai dai hukuncin bai cire zaɓen daga hannun jihohi ba.

Me ya dame ka da wannan? Kansila shi ne ɗan siyasar da ya fi kusa da ƙofar gidan ka. Shi za ka tara idan famfon unguwa ya lalace, ko rufin firamare ya yaye, ko asibitin sha-ka-tafi ba magani. Wanda ciyaman ya ɗaga, ciyaman zai yi wa biyayya.

'Yan fim da mawaƙan mu ma yanzu su na kan dandamalin nan, su na ara wa 'yan takara farin jinin su. Ba laifi ba ne, sana'a ce. Amma kai mai ƙuri'a, duk sanda ka ga an ɗaga hannun wani, tambayi kan ka: mai ɗagawar nan mutuncin sa ya sa jingina kamar Malam, ko kuwa yaron da zai riƙe masa jaka ya ke nema?