Kiwon tarwada a Gusau, Tsafe da Bunguɗu: Yadda ake gane lalacewar ruwa kafin kifi ya fara mutuwa

Kiwon tarwada a tankin tamfol ko na roba ko na kankare ya zama sana'ar bayan gida ga ma'aikata da 'yan kasuwa da dama a garuruwan Arewa, har da Gusau da Tsafe da Bunguɗu. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon wannan kifi, kuma juriyarsa ce ta sa ya karɓu. Tarwada tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iska da ita kai tsaye, don haka takan rayu a ruwan da karfasa ba za ta kwana a ciki ba. Sai dai wannan juriya ita ce ke yaudarar mai kiwo. Kifin yakan daɗe yana wahala a gurɓataccen ruwa, girmansa ya tsaya, abinci mai tsada yana tafiya a banza, kafin a wayi gari a ga matattu a saman tanki. Galibin abin da ake kira ciwon kifi a ƙananan gonaki daga ruwa yake somawa.

Daga ina ruwan ya fito?

Ƙasar waɗannan garuruwa uku a kan dutse take, duwatsun Kwatarkwashi ma shaida ne. A irin wannan ƙasa rijiyar burtsatse ba ta cika ba da ruwa mai yawa ba, kuma takan ja baya a bazara. Ruwanta yana da tsabta, amma iskar oksijin da ke cikinsa kaɗan ce, wani lokaci kuma yana ɗauke da ƙarfe. Ana gane haka idan ruwan ya fito garau, bayan 'yan awoyi ya yi ja-ja kamar tsatsa. Maganinsa a fara tara shi a wani tanki ya kwana, sannan a sake shi yana zubowa daga sama yana fantsama.

Ruwan famfon Gusau daga madatsar da ke kan Kogin Sakkwato ake jawo shi, kogin da ya taso daga yankin Funtuwa. Kamar kowane ruwan sha da aka tace, ana sa masa kulorin, wanda ke kashe ƙwayoyin cuta amma yana ƙona sassan numfashin kifi. A bar shi a buɗe awa 24 kafin a zuba.

Ruwan kogi da na kududdufi su ne suka fi arha, su ne kuma suka fi haɗari. Da damina suna kwaso laka da ragowar maganin feshi daga gonaki. Ruwan ramukan haƙar zinare kuwa, ko na inda ake wanke ƙasar ma'adinai, kada a kusance shi. A 2010 gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, kuma dalma takan taru a jikin kifi ta isa ga mai ci.

Amoniya, gubar da ba a gani

Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta sassan numfashinsa, kashinsa da ragowar abinci kuma suna ƙara wani idan suka ruɓe. Kowane kilo ɗaya na abincin kifi mai gina jiki yana barin kimanin giram 30 zuwa 40 na amoniya a ruwa. A tafki ƙwayoyin halitta da tsirrai ne ke cinye shi. Tankin tamfol kuwa ba shi da matacin da zai yi wannan aiki, sauyin ruwa ne kaɗai mafita.

Abin da masu kiwo da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ƙarfin gubar amoniya ya dogara ga yanayin ruwan, wato ko ya karkata ga tsami ko ga kanwa. Ma'aunin wannan shi ne ake rubuta pH a jikin kwalin awo: 7 ne tsakiya, ƙasa da haka tsami, sama da haka kanwa. Tarwada ta fi son 6.5 zuwa 8.5. A ruwa mai zafin digiri 28, idan ma'aunin yana kan 7, ɓangaren amoniya mai kisa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Idan ya hau 8 sai ya koma kashi 6 zuwa 7, a kan 9 kuma kimanin kashi 40. Ke nan tankuna biyu masu datti iri ɗaya, ɗaya na iya zama lafiya lau, ɗaya kuma kifinsa ya ƙare. Wannan ne ya sa sabon tankin kankare yake kashe 'ya'yan kifi, domin siminti yana sakin kanwarsa cikin ruwa. Sai an cika shi an jiƙa, an zubar, an maimaita na mako biyu ko fiye, an kuma auna, kafin a zuba kifi.

Amoniya takan rikiɗe ta zama naitirait, wanda ke shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar oksijin. Idan aka ɗaga murfin da ke gefen kan kifin aka ga sassan numfashin sun koma ruwan ƙasa maimakon ja, to shi ne. A nan gishirin girki yake da amfani na gaske, domin yana tare hanyar da naitirait ke bi ya shiga jini. Kilo 1 a lita 1,000 ya wadatar. Amma gishiri ba ya cire amoniya, kuma ba maganin kowace matsala ba ne kamar yadda ake yaɗawa.

Bazara da hunturu

Tarwada ta fi girma a ruwa mai zafin digiri 26 zuwa 30. A Gusau zafin rana yakan kai digiri 40 a watan Afrilu, kuma tankin da ke fili, musamman baƙin roba, yana ɗaukar zafin nan da nan. Ruwa mai zafin digiri 20 yana riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin a lita, a digiri 30 kuma sai ya koma 7.5, alhali a lokacin ne kifi ya fi ci ya fi fitar da datti. Abin takaicin shi ne a daidai wannan lokaci rijiya ke janyewa, mai kiwo ya fara tattalin ruwa. Wanda ya san rijiyarsa ba ta kai wa damina, ya fi masa ya rage yawan kifi tun a Fabrairu, ya kuma yi wa tankin rumfa.

Ƙaramin sauyin zafi ba abin rainawa ba ne ga halittun ruwa. Murjani, wanda muka fi sani a wuyan mata, ƙashin wata halittar teku ne. Danginsa da ke gina tsaunuka a ƙarƙashin teku sukan yi fari fat, har su mutu, idan zafin ruwa ya haura yadda suka saba da digiri 1 kacal na wasu makonni, kamar yadda ya faru a gabar Ostareliya a 2016. Masu kiwonsa a akwatin gilashi a Turai da Amurka ba sa rabuwa da kayan awo. Tarwada ta fi murjani ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ita ma takan gigice idan aka kwarara mata ruwan da ya yi nisa da zafin na tankinta.

Da hunturu matsalar juyawa take yi. A daren Disamba da Janairu ruwan ƙaramin tanki yakan sauka ƙasa da digiri 20, kifi ya rage ci. Idan aka ci gaba da zuba abinci yadda aka saba, ragowar ce za ta ruɓe a ƙasa. A rufe tanki da dare, a jinkirta ciyarwa zuwa hantsi.

Idan alamu suka bayyana

Alamar farko ita ce ƙin abinci. Daga nan sai a ga kifi sun rataye a tsaye kusa da saman ruwa, kai sama jela ƙasa, ko gashin bakinsu ya fara gutsurewa, ko fatarsu ta yi fari-fari. Kumfar da ba ta bajewa da warin ruɓaɓɓen ƙwai su ma gargaɗi ne.

Matakin farko a dakatar da abinci na kwana ɗaya ko biyu, wannan ba ya cutar da manyan kifi. Sai a auna zafi da pH da amoniya da naitirait, a zuƙe dattin ƙasa, a sauya sulusi zuwa rabin ruwan da wanda ya kwana. Zubar da ruwan gaba ɗaya a lokaci guda yakan ƙara wa kifin da ya galabaita wahala. A kwashe matattun a binne, kada a jefa su kwata.

Yawanci da an ga mutuwa sai a garzaya kasuwa a sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta a zazzaga. Wannan asarar kuɗi ce idan ruwa ne sanadi, kuma ragowar maganin tana zama a naman da za a sayar wa jama'a. Idan bayan kwana biyu da gyara ruwa mutuwar ba ta tsaya ba, ko aka ga gyambo ko kumburin ciki, a kai wa likitan dabbobi kifi mai rai da ke nuna alamun, tare da ruwan tankin a kwalba mai tsabta da aka cika har baki.