Dashen Ƙoda da Kumburin Ƙwaƙwalwa

Jama'a, tun ranar da likita Joseph Murray ya yi nasarar dashen ƙoda a birnin Boston na Amurka a shekarar 1954, likitoci suka san cewa babbar wahalar aikin tana zuwa ne bayan an gama ɗinki. Murray ya ci sa'a domin tagwaye ne masu kama ɗaya ya yi wa aikin. Ga sauran mutane kuwa, garkuwar jiki takan ɗauki sabuwar ƙoda a matsayin baƙuwa, ta far mata.

Sauƙi ya samu daga ƙasar Norwe, inda aka ɗebo wata ƙasa mai ɗauke da naman gwari aka kai wa kamfanin Sandoz a Basel. Daga nan aka fitar da saiklosiforin. Roy Calne ya fara gwada shi a kan masu dashen ƙoda a Kambirij a 1978, hukumar magunguna ta Amurka kuma ta amince da shi a 1983. Takurolimus ya biyo baya daga Japan, aka amince da shi a 1994.

To, amma sai aka riƙa ganin wani abin tsoro. Majinyaci yana cikin samun sauƙi, sai ciwon kai mai tsanani ya taso masa, hankalinsa ya gushe, farfaɗiya ta kama shi, wani ma ya makance alhali idanunsa lafiya lau suke. A 1996 Judith Hinchey da abokan aikinta suka bayyana labarin majinyata 15 masu irin wannan hali. 7 daga cikinsu suna shan maganin danne garkuwar jiki, 3 kuma mata ne da jijjigar masu ciki ta kama. Hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna ruwa ya taru ta wajen ƙeya, watau inda cibiyar gani take. Maganin yakan raunana bangon ƙananan jijiyoyin jini, ya kuma haddasa hawan jini, sai ruwa ya tsiyaya cikin ƙwaƙwalwa.

A ganina darajar wannan bincike ita ce nuna cewa cutar tana warkewa. Da aka rage maganin ko aka dakatar da shi, aka kuma sauko da jini, majinyatan sun dawo hayyacinsu cikin mako 2. In an yi jinkiri kuwa, jini kan iya zuba a ƙwaƙwalwa, lahanin ya zauna.

Maganar ta shafe mu, domin tun 2002 ake dashen ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma waɗanda aka yi wa dashen kan ci gaba da shan irin waɗannan magunguna muddin ƙodar tana aiki.