Tarihin Birnin Kano Daga Bakin Murhu

Idan ana zancen tarihin Kano, akasari abin da kan zo mana a rai shi ne sarakuna da yaƙe-yaƙe da ganuwa. Kowane ɗalibi ya san an fara ginin ganuwa a zamanin Sarki Gijimasu (1095-1134), ya kuma san Muhammadu Rumfa (1463-1499) ne ya kafa Kasuwar Kurmi. Amma da wuya ka ji an tambayi abin da maginan ganuwar nan suka ci kafin su ɗauki tubali. Maƙasudin wannan 'yar maƙala shi ne mu leƙa madafin gidajen cikin birni, mu ga irin labarin da tukunya za ta ba mu.

Tushen abincin Bakano dai gero ne da dawa da maiwa da wake. Masu ziyara irin su Clapperton a 1824 da Barth a 1851 sun tarar akwai filaye da gonaki masu yawa a cikin ganuwa, watau ko an yi wa birni ƙawanya ba a rasa abin kai wa baka. Kafin hatsin nan ya zama tuwo kuwa, sai mace ta surfa shi a turmi, ta sheƙe dusa, ta wanke, ta niƙa a dutse, ta tankaɗe. Sa'an nan ta ɗora tukunya a kan duwatsun murhu uku, ta yi talge, ta tuƙa da muciya, ta bari ya sulala, ta kwashe da mara ta zuba a akushi. Ba a zubar da kome a wannan aiki: dusa ta dabbobi ce, tsaki kuwa a yi fate ko dambu da shi.

Miya ita ma daga itatuwa da gonakin ƙasar take fitowa: kuka da kuɓewa da karkashi da yakuwa. Abin da ke ba ta ɗanɗano shi ne daddawa, wadda ake yi da kalwa, watau 'ya'yan ɗorawa, bayan an dafa su an rufe su kwanaki har su ruɓa. Maiƙonta man shanu ne, yajinta masoro da kimba da citta. Wannan shi ne hawa na farko na girkin Kano.

Hawa na biyu fatauci ne ya kawo shi. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Yakubu (1452-1463) ne gishiri ya wadata a ƙasar Hausa, sa'ad da Azbinawa suka iso Gobir. Tun daga nan ayarin raƙuma ya riƙa sauke gishirin Bilma a Kano, kanwa kuma tana zuwa daga wajen Barno. In ba don kanwa ba, da ɗanwake da kunun maijego ba su zama yadda muka san su ba.

Larabawan Gadamas da Tarabulus da suka zauna a unguwanni irin su Dandalin Turawa da Alfindiki, su kuma abincin alkama suka shigo da shi. Ɗalibin harshe ba ya bukatar wata doguwar shaida a nan, domin sunayen sun isa. Alkama da albasa da kanumfari duka kalmomin aro ne daga Larabci. Haka alkubus da gurasa, waɗanda asalin ma'anarsu burodi ne, haka kuma alkaki da gireba. Da fari waɗannan abincin attajirai ne da gidan sarauta, saboda alkama sai an yi mata ban ruwa a fadama. Sannu a hankali suka bazu cikin gari, har ya zama garar amarya ba ta cika sai da alkaki da dubulan da nakiya, gurasa kuwa ta zama sana'ar gado a wajen matan Jakara da kewaye, masu gasa ta a tanderu.

Hawa na uku shi ne wanda mutane da yawa ba su lura da shi ba. Masara da rogo da dankali da gyaɗa da tumatir da barkono, asalinsu duka daga nahiyar Amurka ne, ba su ƙetaro teku ba sai bayan 1492. Ke nan Sarki Rumfa bai taɓa ɗanɗana tuwon masara ko ƙuli-ƙuli ba, bai kuma san miyar tumatir ba. Ita gyaɗa ta daɗe a gonakinmu, amma ba ta mamaye ƙasar Kano ba sai bayan da Turawa suka ci birnin a 1903, hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911, cinikinta ya buɗe a 1912. Daga nan man gyaɗa ya fara ture man shanu daga tukunyar talaka. Wannan ciniki bai hana yunwar 1914 ta yi wa jama'a mummunar ɓarna ba, kuma irin waɗannan shekaru ne suka koya wa mutane riƙe rogo da kwaɗon rama da zogale hannu biyu.

Alal misali, mu ɗauki bandashe, wanda kowa ya yarda abincin Kanawa ne na gado. Gurasar ta Larabawa ce, ƙuli-ƙuli da barkonon asalinsu Amurka, gishirin kuwa a da daga hamada yake zuwa. Abin da yake na Kano a ciki shi ne hannun da ya haɗa su. Saboda haka, duk wanda ya ce abincin gargajiya shi ne wanda baƙo bai taɓa shi ba, to, bai karanta tarihin kwanon da ke gabansa ba.

Har ila yau, girki shi ne ma'aunin zaman gida da na unguwa. Da kwanan girki ake raba haƙƙi tsakanin kishiyoyi. Da ciyayya maƙwabta ke sada zumunci, yara na kai kwano suna karɓo wani bayan magariba. Almajiri yana da rabonsa, baƙon zaure yana da nasa. Kowane lokaci kuma da abincinsa: kunun tsamiya da ƙosai da azumi, waina da miyar taushe da salla, gumba ranar sadakar mamaci, wutsiyar ragon layya a daren cika-ciki.

Canji mafi sauri ya zo ne daga shekarun 1970. Farin 1972 zuwa 1974 ya girgiza noman gero da dawa, kuɗin man fetur ya cika kasuwa da shinkafar waje da fulawa. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, ta sa noman rani na shinkafa da tumatir ya bunƙasa a Kadawa da Kura. Injin niƙa ya kwantar da dutse, magi ya shiga gaban daddawa, a shekarun 1990 kuma taliyar leda ta zama abincin yara.

To, mene ne abin damuwa, tun da mun ga baƙon abinci ba sabon abu ba ne a Kano? Bambancin shi ne, kakanninmu ɗanyen abu suke karɓa su sarrafa shi da hikimarsu har ya zama nasu, mu kuwa gamammen abu muke saye a leda. Ilmin tsuke alkaki da turara daddawa yana hannun tsofaffin mata, kaɗan ne daga cikinsa aka rubuta. Duk tsohuwar da ta rasu, takan tafi da kalmomi da dabarun da babu su a ƙamusun Bargery na 1934.

Shawarata ga 'yan wannan ƙungiya ita ce, idan an tafi hutu kowa ya zauna kusa da murhun kakarsa da alƙalami da takarda. Ya tambayi sunan kowane mataki da kowane kayan aiki, da wanda ta koya a wurinsa, da unguwar da ya fito. Malamanmu kuma su karɓi irin wannan bincike a matsayin kundin digiri, kamar yadda suke karɓar na sarauta da na waƙa. Allah Ya sa mu dace, amin.