Rarraba Iko da Bunƙasar Arziki: Waiwaye a Kan Jihohin Nijeriya Daga 1954

Gabatarwa

An daɗe ana muhawara a Nijeriya a kan ko kusantar da mulki ga jama'a yana haifar da bunƙasar arziki. Masu goyon bayan wannan ra'ayi sukan kafa hujja da zamanin manyan jihohi uku, wato Arewa da Yamma da Gabas. Wannan maƙala za ta duba hujjar tasu, domin a tantance abin da ya sa jihohin wancan zamani suka iya abin da magadansu suka kasa. Ra'ayin da za a kare shi ne cewa sirrin yana wurin da kuɗin gwamnati yake fitowa, fiye da yawan ikon da aka rubuta mata a takarda.

Jiha da Manominta

Tsarin mulkin Richards na 1946 ne ya kafa majalisun jihohi, amma sai a 1954, ƙarƙashin tsarin mulkin Lyttelton, ƙasar ta zama tarayya ta sosai. Kowace jiha ta sami Firimiya da ma'aikata da kotuna nata. Abin da ba a cika ambata ba shi ne, a wannan shekarar ce aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona na ƙasa baki ɗaya, waɗanda aka kafa wa koko a 1947, sannan gyaɗa da auduga da manja a 1949, aka bai wa kowace jiha hukumarta, aka kuma raba musu rarar kuɗin da tsofaffin hukumomin suka tara.

Yadda abin yake aiki shi ne, kafin kaka hukuma takan yanka farashi. Dillalai masu lasisi su saya daga hannun manoma ta hanyar yaransu a ƙauyuka, a tara buhuna a Kano har su zama dala, jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Ikko. Hukuma ta sayar a kasuwar duniya, bambancin da ke tsakanin farashin biyu ya zauna a asusunta. Bugu da ƙari, harajin fitar da amfanin gona yana komawa ne ga jihar da ta noma shi, kuma bisa shawarar Hukumar Raisman ta 1958, rabin kuɗin haƙar ma'adinai na jihar da aka haƙo su ne. Ke nan idan damina ta yi kyau gwamnatin Kaduna ta ji a jikinta, idan ta ɓaci ma haka. Dole ta damu da irin shuka da malaman gona da hanyoyin kwasar kaya, ko ba don Allah ba.

Da wannan kuɗi aka yi gasa. Gwamnatin Awolowo ta fara ilimin firamare kyauta a 1955, ta buɗe gidan talabijin a Ibadan a 1959. Wanda duk aiki ya kai shi wannan birni ya ga Gidan Koko, wanda sunansa kaɗai ya isa shaida. Gabas ta kafa Jami'ar Nsukka a 1960. A Arewa kuwa, Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957 da haɗin guiwar wani kamfanin Ingila, domin a saƙa audugar Funtuwa da Gusau a gida, sannan Bankin Arewa ya biyo baya, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

Sai dai kuma bai kamata ɗoki ya rufe mana ido ba. Wanda ya biya kuɗin waɗannan gine-gine shi ne manomi, wanda aka riƙa saye masa kaya ƙasa da darajarsu. Tun a 1954 masanin tattalin arziki P. T. Bauer ya soki tsarin a kan haka. An kafa hukumomin ne da sunan kare manomi daga faɗuwar farashi, suka rikiɗe suka zama hanyar karɓar harajin da ba a kira shi haraji ba. Wani kaso kuma ya zurare zuwa aljihun jam'iyyu, kamar yadda binciken Hukumar Coker na 1962 ya tona a Jihar Yamma. Haka nan ikon da ya baro Ikko ya tsaya ne a Kaduna da Ibadan da Inugu, bai gangara ƙasa ba. Koke-koken ƙananan ƙabilu gaban Hukumar Willink da tarzomar ƙasar Tibi a 1960 da 1964 sun nuna haka.

Bayan 1967

Ranar 27 ga Mayu, 1967, Gowon ya raba ƙasar jihohi 12. Suka zama 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, sannan 36 a 1996. A ido, iko ya ƙara kusantar jama'a, kuma babu musun cewa garuruwa irin su Dutse da Damaturu da Birnin Kabi sun sami tituna da ofisoshi da makarantun da da ba su samu ba. Amma a daidai wannan lokaci asusu ya koma tsakiya. A 1973 gwamnatin tarayya ta karɓe ikon yanka farashin amfanin gona, a 1977 ta mayar da hukumomin na ƙasa, a 1986 aka rushe su gaba ɗaya. Kason jihar da aka haƙo arziki a cikinta ya sauko zuwa kashi 20 cikin 100 a 1975, ya kai kashi 3 a 1992, kafin tsarin mulkin 1999 ya tsayar da shi a kashi 13 aƙalla. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun taimaka wajen rushe dalar Kano, amma abin lura shi ne babu gwamnatin da albashinta ya tsaya saboda rushewar. Man fetur ya riga ya ɗauke mata wannan damuwa.

Ƙananan hukumomi ma haka. Gyaran 1976 ya ba su matsayi iri ɗaya a duk ƙasa tare da kaso daga tarayya, alhali En'e ta da, duk da zaluncin da aka sha kuka da shi wajen karɓar haraji da jangali, da baitulmalinta take riƙe kanta. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba. Hukuncin ya sauya hanyar da kuɗin zai bi, amma mafarinsa yana nan a Abuja.