Saniya da Nononta: Daga Ina Aka Faro, Ina Aka Dosa?

Mu marubuta littattafan hikaya mun daɗe muna cin abinci da 'yar Fulani mai tallar nono. Da wuya ka karanta littafi goma ba ka ci karo da ita ba, ga ƙwarya a ka, ga ɗan mai kuɗi ya tsayar da mota ya ce ita yake so. Amma ban taɓa ganin wanda ya tsaya ya tambayi tarihin abin da ke cikin ƙwaryar ba, alhali ya girmi Kano da ganuwarta.

Masana sun ce asalin saniya dabbar daji ce, ƙatuwa mai faɗa, wadda bijiminta kan kai tsayin namiji tsayayye. Kimanin shekara 10,500 da suka wuce mutanen yankin kogin Furatu, tsakanin Turkiyya da Siriya na yau, suka fara horar da ita, daga nan aka samu shanu marasa tozo. Daga baya mutanen kwarin Indus, a Pakistan ta yau, suka horar da tasu, ita ce mai tozo. Ta dajin kuwa ta ƙare, ta ƙarshe ta mutu a ƙasar Poland a 1627.

Mai karatu zai yi mamaki in na ce a Afirka babbar makiyaya ta farko ita ce Sahara. A wancan zamani akwai tafkuna da ciyawa a cikinta. A duwatsun Tassili na Aljeriya har yau ga zanen garken shanu, kuma a kogon Takarkori na Libiya an tono tukwane da aka samu maiƙon nono a jikinsu, shekarunsu kusan 7,000. Da ruwa ya janye, makiyaya suka gangaro kudu. Mu ma muna da shaida a kusa, domin zanen da ke jikin duwatsun Birnin Kudu a Jihar Jigawa na shanu ne marasa tozo. Masu tozo sun shigo daga baya ta gabashin Afirka, suka cuɗanya da na gida, har aka samu irinsu Bunaji fara, da Rahaji ja mai dogon ƙaho, da Bokolo ta ƙasar Sakkwato.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci zuwan Fulani daga Mali a zamanin Sarki Yakubu, wanda ya yi mulki daga 1452 zuwa 1463. Abin da ya biyo baya a karkara wata yarjejeniya ce da ba a rubuta ta a takarda ba. In an yi girbi, manomi ya bar wa makiyayi kara da harawa, shanu su kwana a gonarsa su bar masa taki. Matar makiyayi ta kawo nono da man shanu, a ba ta gero ko dawa. Fura da nono kanta shaida ce, domin geron na manomi ne, nonon na makiyayi, babu mai iya dama ta shi kaɗai.

A nan akwai hikimar da ya kamata a yaba wa mata. Ɗanyar madara ba ta wuni a zafinmu, kuma ba kowane baligi cikinsa ke karɓar ta ba. Sai suka riƙa barin ta ta kwana ta zama kindirmo, su kaɗa su cire mai, abin da ya rage shi ne tsala. Da haka nono ya samu ƙarko har ya kai kasuwa. Kuɗinsa kuma na mace ne, da shi take cefane, da shi take tara wa 'yarta kayan ɗaki.

Ƙasarmu ta Ungogo, inda Bacirawa take, ta ci moriyar wannan zama. Wani Bature mai suna Michael Mortimore da abokin aikinsa sun wallafa bincike a kanta a 1965, domin abin ya ɗaure wa masana kai yadda gona take bayar da amfani kowace shekara ba a barin ta ta huta, ga jama'a a cunkushe. Amsar ita ce taki: na dabbobin turke, da na shanun da ke bi bayan girbi, da wanda jakuna ke ɗaukowa daga cikin birni a mangala.

An sha wuya a hanya. Cutar bushiya ta shigo ta Eritiriya a 1887, cikin 'yan shekaru ta iso nan, a wurare da yawa ta kashe tara cikin goma na shanu. Ta sake yin ɓarna a Nijeriya a 1983, sai a 2011 aka sanar da kawar da ita daga duniya. Turawa sun kafa ɗakin binciken cututtukan dabbobi a Vom a 1924, kuma gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965. Da yawa daga cikin makiyayan nan ba a taɓa tabbatar da su a hukumance ba, noma da gini suka cinye su.

To jama'a, abin da bushiya ta kasa yi, awon filaye ya yi shi. Gonakin Bacirawa sun zama fulotai, burtalin da shanu ke bi ya zama lungu, takin zamani ya sa manomi ya daina ganin amfanin baƙonsa, kara kuwa yanzu kuɗi ne. Saniyar da ba ta ƙoshi ba lita ɗaya ko biyu take bayarwa a rana, alhali ta Holan mai cin abinci a turke tana haura ashirin. Sai madarar gari ta cike gurbin, kuma da yawa daga wadda ake kawowa daga Turai an cire mata manta an maye shi da man itatuwa. Har wasu masu tallar nono ita suke jiƙawa su kwantar.

A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar kula da kiwo. Ni dai a nawa ganin, tarihin nan ya nuna inda ya kamata a fara: saniya ta bar Sahara saboda ciyawa da ruwa, kuma saboda su take barin arewacin Kano. A tsare abin da ya rage na burtali da mashaya, a koya wa manomi shuka ciyawar sayarwa, a kai wuraren sanyaya madara kusa da ruga, kuma kuɗin ya riƙa shiga hannun matan da suka riƙe sana'ar tun kaka da kakanni. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da manomi da makiyayi lafiya, amin.